Jadawalin kai yara da dawo da su: abin da nake rubutawa tun daga ranar farko

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Mun zauna yau, gida 14. Yara 23 ne ke zuwa makaranta: 9 a firamaren da ke kusa, kilomita 1.2 daga bakin layinmu, sai 14 a wadda ke nesa, kilomita 7. Motoci 5 ne a tsakaninmu, 4 ƙanana masu ɗaukar mutum 4 ban da direba, ɗaya babba mai ɗaukar 6. Abin da ya tara mu shi ne kullum da safe motocin nan suna fita bi da bi, kowace da yaro ɗaya ko biyu, alhali ga wasu yaran tsaye a bakin titi suna jiran motar haya.

Ni na kawo shawarar, don haka ni aka ɗora wa tsara jadawali. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gaskiya ban ƙi ba, domin aikina na ofis kusan duk a kan kwamfuta yake, kuma tun kafin a tashi na riga na zaɓi manhajoji uku a raina.

Litinin, 8 ga Satumba

Na buɗe zauren WhatsApp, na saka ƙuri'a: wace rana kake da damar tuƙi? Tun Nuwamban 2022 aka ƙara ƙuri'a a WhatsApp, amma mutum 3 a cikinmu yau suka fara taɓa ta. Kowa ya zaɓa kafin dare. Na kwanta ina jin cewa aiki ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Saƙo 212 na ƙirga a zaure tun Litinin, kusan rabi saƙon murya. Wanda ya ce ba zai iya Laraba ba, ya faɗa ne a minti na biyu na wani saƙon murya mai minti 3, bayan gaisuwa da labarin bakanike. Ba wanda ya saurara har can. Ƙuri'ar ma ta ba ni kunya: mutum na iya canja zaɓinsa duk lokacin da ya ga dama, kuma in ba ka koma ka duba ba, ba za ka san ya canja ba. Ƙuri'a tana da kyau wajen jin ra'ayi, amma ba alkawari ba ce.

Na raba zauren gida biyu. Ɗaya na sanarwa, inda admin kaɗai ke iya rubutu, ɗaya na hira. Na maƙale jadawalin mako a sama. Saƙo 3 kawai ake iya maƙalewa, kuma na awa 24 ne ko kwana 7 ko kwana 30, don haka duk Lahadi sai na sabunta.

Laraba, 17 ga Satumba

Trello, manhajar tsara aiki da katuna a kan allo, ya mutu a hannunmu cikin kwana 3. Ranar Lahadi na ɓata awa 2 ina shirya allon, kowace rana da layinta, kowace mota da katinta mai launi. A ofis muna amfani da shi kuma yana yi mana aiki, amma a ofis kowa yana gaban kwamfuta. A nan mutum 4 ne suka buɗe asusu, 2 sun manta kalmar sirri washegari, Hajiya ta gidan kan kwana kuma ta ce wayarta ta cika, ba za ta goge hotunan jikokinta don katuna masu launi ba. Na ba ta gaskiya.

Uwargida ta ce, "Kai fa kana neman abin da zai burge ka ne, su kuma suna neman su san wa zai zo ƙarfe nawa." Ban amsa ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na koma Google Sheets, manhajar jadawali ta intanet, shafi guda: rana, safe, yamma, direba, sunayen yara. Mota 3 ke fita kowace rana, babbar da ƙanana 2, wato tafiya 6 a rana, 30 a mako.

Mun auna mai maimakon kowa ya yi ta kintace. Hanyar mai sauƙi ce: a cika tanki, a mayar da ma'aunin tafiya sifili, a yi zirga-zirgar mako, a sake cikawa, a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka ci. Ƙananan motocin sun tsaya wajen lita 8.5 a kilomita 100, babbar lita 12. Zuwa da dawowa kilomita 14 ne, ke nan ƙaramar mota na shan lita 1.2, babbar 1.7. A rana lita 8.2, a mako 41. In aka raba wa yara 14, kowane yaro kusan lita 3 a mako.

Da lita muka yanke za mu riƙa lissafi, ba da kuɗi ba. Farashin mai na motsi, lita ba ta motsi. Ranar biya kowa ya duba abin da ake sayarwa ya ninka.

Laraba, 24 ga Satumba

Lafiya lau. Taya ta yi faci da safe, an makara minti 15.

Talata, 30 ga Satumba

Yau an bar yarinya a makaranta.

Zan rubuta shi daki-daki don kada gobe kowa ya gyara labarin yadda ya yi masa daɗi, har da ni. Maman tagwaye ce ke da ɗaukar yamma a mota ta uku. Da misalin ƙarfe 11 aka kira ta wurin aiki, ta tura wa maƙwabcinta saƙo a keɓe, ba a zaure ba, cewa ya taimaka ya karɓe ta yau. Shi yana tsakiyar taro, ya dangwala mata alamar babban yatsa ya ajiye waya. A wurinsa ma'anar ita ce na gani, zan duba. A wurinta ma'anar ita ce na karɓa. Jadawali bai canja ba, domin ba wanda ya gaya mini.

Ƙarfe 2 motoci 2 suka iso maimakon 3. Yara 3 daga cikin na mota ta uku manya ne, da suka ga motarsu ba ta zo ba suka cusa kansu cikin sauran biyun, direbobin kuma suka ga taimako ne. Ta huɗun, mai shekara 7, ta koma aji neman gorar ruwanta. Direban babbar mota ya ɗauka tana ƙaramar, na ƙaramar ya ɗauka tana babbar. Ba wanda ya ƙirga, domin kowa sunayen motarsa kawai ya sani.

Sai ƙarfe 3 da rabi mahaifiyarta ta fito ƙofa ta ga 'yan layi duk sun canja kaya suna wasa. Ni ta fara kira. Ban taɓa jin murya irin wannan ba, ba ihu take yi ba, tambaya ɗaya take maimaitawa: "Malam, wa ya ɗauko ta?" Na buɗe jadawalina mai kyau, ga sunan yarinyar a layinta, ga sunan direba, komai daidai, kuma ba abin da ya amfana mini.

Na same ta zaune kan benci kusa da ɗakin maigadi, jaka a cinya, gorar a hannu. Minti 100 ta yi a wurin. Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga mota. A hanya ta tambaye ni ko laifi ta yi da aka tafi aka bar ta.

Mahaifinta ya ce ya fitar da 'ya'yansa daga tsarin. Ban roƙe shi ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Taron gaggawa. An fara da neman mai laifi, maman tagwaye ta yi hawaye, maƙwabcin ya nuna wayarsa ya ce a duba in akwai inda ya rubuta "na karɓa". Duka biyun gaskiya suke faɗa, wannan ne ma abin tsoron.

Baba, wani dattijo a cikinmu wanda ya yi ritaya bayan shekaru yana aikin tsara fitar motocin kaya, shi ya tsayar da gardamar. Ya ce a inda ya yi aiki, direbobi ba sa musaya tsakaninsu, ko 'yan uwa ne ciki ɗaya. Mutum ɗaya ke riƙe da allo, kuma mota ba ta tashi sai an kira sunan abin da ke ciki. Ya juyo gare ni: "Ɗana, wannan takardar taka ta cikin waya, wa take kira in mota ba ta zo ba?"

Abin da muka yanke: musaya ba ta zama musaya sai wanda zai karɓa ya faɗa da bakinsa ga mai riƙe allo, alamar yatsa ba amsa ba ce. Kowace mota na ɗauke da takardar sunayen yaran 14 gaba ɗaya, ba nata kaɗai ba. Motar ƙarshe ba ta barin ƙofar makaranta sai an yi wa kowane suna alama. Kuma mun ba ofishin makaranta lambobi 2 da za a kira in yaro ya wuce minti 15 yana jira.

Asabar, 4 ga Oktoba

Baba ya karɓi allo. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, ba ta WhatsApp, kuma da farko na ɗauki hakan matsala. Ashe shi ne maganin. Duk Lahadi ina buga jadawali a takarda in kai masa. Ƙarfe 8 na dare yana kiran direbobin gobe ɗaya bayan ɗaya. Da yamma kowane direba na yi masa filashin in ya bar makaranta da yaransa cif. Filashin 3 suka shigo, ya yi alama a littafinsa. In 2 ne har ƙarfe 2 da minti 20, shi zai kira.

Mahaifin yarinyar ya zo ya zauna wurin Baba kusan awa guda. Ya ce za su dawo Litinin, gwaji na mako 2.

Litinin, 6 ga Oktoba

Mun fara tafiyar ƙafa ta yaran firamare su 9. Ba ƙirƙirarmu ba ce. Ana danganta tunanin da wani ɗan Ostireliya, David Engwicht, a 1992, kuma garin Lecco na Italiya ya yi suna da ita tun 2003, inda suke ce mata piedibus, bas mai ƙafa. Hanya guda ce tsayayya, da tashoshi da lokaci kamar bas na gaske, babba ɗaya a gaba a matsayin direba, ɗaya a baya a matsayin kwandasta. Tashoshinmu 3. Mun zaɓi hanyar da ta fi tsawo da mita 200 don a tsallaka babban titi sau ɗaya maimakon sau biyu. Minti 25 aka yi. Yaran sun yi faɗa kan wa zai tsaya kusa da direba.

Amfanin da ban hango ba: gidaje 9 marasa mota sun sami abin da za su riƙa bayarwa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Gardama kan cusa yara. Wani direba ya ce ai tafiyar kilomita 7 ce, yara 5 a baya ba wani abu ba ne. Na zo da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Bel na rage haɗarin mutuwa har da kashi 50 cikin 100, kujerar yara kuma na rage mutuwar jarirai da kashi 71. Alƙaluman ba su motsa shi ba. Abin da ya motsa shi shi ne Hajiya, da ta ce, "In naka ne kaɗai, kai da Allah. Amma a cikin biyar ɗin akwai jikata."

Doka: bel nawa, yara nawa. Gaba sai wanda ya kai shekara 13, saboda jakar iskan da ke fashewa in an yi karo an yi ta ne don jikin babba. Muna da 4 da suka kai, kujerun gaba 3, ya wadatar. Don matashin ɗaga zama mun ari ma'aunin Birtaniya, inda doka ta ce yaro ya zauna a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Mun jera su a bango da tef. Yara 5 ba su kai ba. Muna da matashi 2, ana neman 3, kuma za su riƙa kwana gidan Baba don su bi yaran, ba motar ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Wani ya shiga jadawali daga waya, ya jera layin sunayen direbobi bisa haruffa shi kaɗai, sauran layukan suka tsaya inda suke. Duk mako ya birkice. Na dawo da na jiya daga tarihin canje-canje na Sheets cikin minti 5, kuma ba abin da ya taɓa tafiyar yau tunda takardar Baba ba ta san an yi ba.

Garin gyara na gano abin da ya fi wannan muni, kuma nawa ne. Na bar shafin a buɗe ga duk mai mahaɗin, wato link ɗinsa, har da ikon gyarawa. A ciki akwai cikakkun sunayen yara 14, makarantarsu, lokacin tashinsu, da motar da ke ɗaukarsu. Mahaɗin ya yi mako 3 yana zaune a zauren hira, ana iya tura shi ko'ina. Na rufe, na bar mutum 2 masu gyara, na mayar da sunayen zuwa haruffan farko. Zaure yanzu hoton jadawali kawai yake gani. Na gaya wa kowa abin da na yi, ban ɓoye ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mai babbar mota ya ce ya gaji, kuma yana da gaskiya. Tunda motarsa ce kaɗai ke ɗaukar 6, kullum tana hanya, tafiya 10 a mako, alhali sauran 4 na raba 20. Ana biyansa mai, amma ba a biyansa taya, birki, juyen mai, balle lokacinsa. Ya ce ya fara jin kamar direban layi aka ɗauka.

A ɗaya gefen kuma wata uwa ta faɗi abin da ban taɓa tunani ba: ta tsani ranar biya, domin tana jin kamar alfarma ake mata tana godiya da kuɗi.

Muka raba lissafin biyu. Na mota: lita, da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu don lalacewa, wato daga lita 3 ya koma 3.7 ga kowane yaro a mako. Na mutum: awa. Wannan tsarin bankin lokaci ne, wanda lauyan Amurka Edgar Cahn ya yaɗa tun shekarun 1980, kuma Japan na da irinsa na kula da tsofaffi, Fureai Kippu. Ƙa'idarsa ɗaya ce, awa awa ce, ko ta wa. Tuƙi zuwa da dawowa awa 1. Raka bas mai ƙafa awa 1. Riƙe yaran maƙwabta bayan makaranta har iyaye su dawo, awa da awa. Allon Baba awa 1 a rana, ko da yake ya ce shi ba ya so.

An ja sosai kan ko awar mai mota daidai take da awar mai tafiya a ƙasa. Ra'ayina, tunda an riga an biya motar haƙƙinta a lita, abin da ya rage mutum ne, kuma mutum bai fi mutum ba. Mai babbar mota bai gamsu ba, amma ya yarda a gwada wata guda. Talata da Alhamis motarsa za ta huta, ƙananan 4 su fita.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ƙarfe 1 da rabi na dare naƙuda ta kama ƙanwar ɗaya daga cikinmu, wadda ke zaune a wani sabon gini bayan layi, inda tituna ba su da suna. Mijinta ba ya gari. Baba aka kira, Baba ya kira ni. Na yi minti 12 ina zagaye ana mini kwatance a waya, kwana ta biyu bayan gidan da ba a gama ba, alhali gidaje 4 ne ba a gama ba. Sai da yayarta ta turo mini wurin da suke ta WhatsApp. An sauka lafiya da asuba, namiji.

Wannan ba ya cikin tsarinmu, amma da ma can zai shigo. Na bi gida-gida na ɗauki Plus Code na kowace ƙofa daga Google Maps. Gajeriyar lamba ce da ke nuna fili kamar mita 14 sau 14, ba ta buƙatar sunan titi. Na rubuta su a bayan takardar sunaye. Na kuma sauke taswirar yankin a waya don ta yi aiki ko babu data.

Talata, 28 ga Oktoba

Ruwan sama. Bas mai ƙafa bai tashi ba, babbar mota ta yi sawu 2 a ranar hutunta. An rubuta masa awa 1. Ya kamata a ce muna da tsarin ranar ruwa tun farko.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Lissafin mako 4, daga 6 zuwa 31 ga Oktoba. Musaya 11, duk ta hannun Baba. Makara fiye da minti 10, sau 6, kuma 4 daga ciki mutum ɗaya ne. Ba yaron da aka bari. Mai: mun yi hasashen lita 164, an sha 178, saboda cunkoso da ranakun da mota 4 ke fita. Awa: gida 3 ana binsu bashi, gida 2 sun tara fiye da 15.

Kan mai yawan makara, wasu sun ce a cire shi. Na tuna da Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, kan yadda jama'a ke tafiyar da abin da suka mallaka tare. Cikin abin da ta gano, ƙungiyoyin da suka daɗe ba sa fara hukunci da kora, daga ƙarami suke hawa. Mun yi haka: karo na farko magana, na biyu a cire awa 1, na uku a mayar da mutum ɗaukar yamma. Shi da kansa ya ce a mayar da shi yamma tun yanzu, safiya ce ba ta yi masa.

Batun inshora ya taso. A ƙasashe da dama, karɓar gudunmawar mai daban, cin riba daban, kuma na biyun na iya mayar da motar gida ta haya a idon doka. Birtaniya ta yarda da raba kuɗin tafiya muddin babu riba. Kowane mai mota zai karanta takardarsa ya tambayi kamfaninsa a rubuce, musamman kan ƙarin kashi ɗaya cikin huɗun nan. Mutum 2 sun tura.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mahaifin yarinyar ya nemi a sa shi a bas mai ƙafa ranar Laraba. Ita kuma yanzu ita ke kiran sunaye a motarsu, ba ta yarda a tada mota sai ta gama.

Baba zai yi tafiyar kwana 10 a ƙarshen wata. Duk tsarin yana rataye a wuyan mutum ɗaya mai shekara 70 da wani abu, kuma sai yau na lura. Hajiya ta yarda ta zauna kusa da shi mako mai zuwa ta koyi allon, da sharaɗin kada in kawo mata wata manhaja.

Abin da ke gabana: matashin zama 1 ya rage. Jadawalin direban dare, mako-mako, don asibiti. Tsarin ranar ruwa. Gidaje 3 daga layin baya suna son shiga da yara 5, kujerun da suka rage mana 2 ne, su ma Talata da Alhamis kawai. Na ce su zo taron ranar 15, kuma su fara tambaya a layinsu ko akwai mai mota.